Madara da Hantsi

Ya Gana ta tura 'yar kujerar katako da ƙafa har gindin taga, ta dafa bango, ta hau. Gwiwoyinta suka yi ƙara, ta share su kamar ba nata ba. Daga cikin lungu ake ƙwala mata kira, da wata murya mai kauri wadda ko a tsakiyar kasuwa ba ta ɓacewa.

"Ya Gana! Kina da rai kuwa, ko har sun binne ki ba su gaya min ba?"

Bilikis ce, wadda kowa ke kira Iya Lateef. Shekara da shekaru rumfunansu na jere a kasuwar Sabon Gari, Ya Gana tana sayar da turaren wuta da humra irin na mutanen Barno, Iya Lateef tana sayar da robobi da kwanuka. Tagar ɗakin kuwa can kusa da rufi magini ya maƙala ta, ko me ya tuna oho, sai mutum ya hau wani abu kafin ya ga ƙasa. Ya Gana ta kama ƙarfen tagar da hannu biyu ta leƙa.

Ga Iya Lateef a tsaye da ƙafafunta. Ta dogara sanda, ta kafa ɗauri, jaka a hammata.

"Ke ce haka a tsaye?"

"To da wa? Kasuwa za ni, tun bayan salla na koma. Sauko mu tafi ki ga rumfarki, wani yaro mai askin banza yana sayar da rigar waya a ciki."

Dariya ta kama Ya Gana, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba. Ta saki ƙarfen da hannu ɗaya don ta yi wa ƙawarta daƙuwa, nan take ƙafafun suka ce ba da su ba. Kujerar ta goce. Ta kai hannun hagu ta tare ƙasa, ta ji wani ƙas a tsintsiyar hannun, ɗan ƙarami, kamar an karya kara.

Ba ta yi ihu ba. Kafin zafin ya iso, tunanin ɗanta ya riga shi. Yanzu kam shi ke nan, ko bakin ƙofar ɗakin ba zai sake barin ta leƙa ba.

Ta fi shekara a wannan ɗaki na saman bene, a gidan ɗanta da ke Fagge, kuma sanadin abin ita ce wannan Iya Lateef da ke ƙasa tana ta kiran sunanta. A waccan daminar santsi ya kwashe Iya Lateef a bakin kwata, ƙashin ƙugunta ya karye, aka ɗauke ta ranga-ranga. Alhaji Abdulƙahhar, ɗan Ya Gana na fari, mai shagon atamfa a Kantin Kwari, ya je dubiya ya dawo jikinsa a sanyaye. Washegari ya kai uwarsa asibiti, aka duba, aka ce ƙashinta ya fara laushi, abin da shekaru ke kawowa. Bayanin ba da ita aka yi ba. Tana can ana auna mata jini, shi da likita suna magana a bakin ƙofa, yadda aka saba yi wa tsofaffi. Da suka dawo gida ya zayyana mata doka: an bar rumfa, an daina hawa da sauka, kuma kullum da hantsi za ta sha madara kofi cike, haka likita ta ce.

Kada a ɗauki alhakinsa, bai kulle ta da makulli ba. Da ma makullin ne, da ta san yadda za ta yi da shi. Durƙusawa ya yi a gabanta, ƙato da shi, gemu har ya fara furfura, ya ce, "Inna, na haɗa ki da Allah kada ki taka matakalar nan. In kika faɗi ban san inda zan sa kaina ba." Shi kuwa ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zauna tana ja-in-ja da shi ido cikin ido. Ta kau da kai ta ce da matarsa, "Ni'ima, gaya masa na ji."

Komai aka hawo mata da shi sama. Banɗaki a cikin ɗaki, talabijin, firji, fanka mai caji. Ba ta rasa komai ba sai mutane da rana. Da farko ranar tana ɗan leƙowa da yamma, sai wani attajiri ya sayi gidan da ke fuskantarsu, ya rushe, ya tayar da dogon sito na ajiye diloli. Tun daga nan ɗakin ya zama kullum kamar gab da magariba, dole a kunna ƙwai ko da tsakar rana.

Madara kuwa ta sha wadda za ta raini ɗan maraƙi. Ta gwangwani, ta gari, da ta kwali wadda ake cewa daga waje take zuwa. Cikinta ba ya shiri da ita, tana sha zai ɗau kugi ya kumbura har azahar. Amma ba ta taɓa zubarwa ba, don ta ƙulla a ranta cewa ranar da ƙashin ya yi ƙwari za a sake ta ta koma cikin mutane. Don wannan take rufe ido ta shanye.

Tana nan kwance a kan leda Ni'ima ta turo ƙofa da faranti a hannu, don hantsi ya yi.

"Inna, ga madar... Innalillahi! Inna!"

Ta dire farantin a kan firji ta durƙusa. Hannun har ya fara hawa, ya ɗan lanƙwashe inda bai kamata ba.

"Rufe bakinki," in ji Ya Gana. "Kada ki kira shi. Nemo min mai ɗori a ɓoye, ya ja ya ɗaure, in ja mayafi in rufe. Shi da ba ya daɗewa in ya shigo gaisuwa."

"Wallahi Inna ba zan iya ba. In ya ji daga baya ni zan kwana a ciki."

"'Yar nan, ki rufa min asiri."

Ni'ima tana hawaye tana danna waya. Ya Gana ba ta ga laifinta ba, amma ta ji haushinta har wuya.

Can sai suka ji ƙwas, ƙwas a kan matakala, da nishi, da 'yan zage-zage cikin Yarabanci. Iya Lateef ce ta hawo, ita da ƙugun da aka ɗinke da ƙarfe, a kan matakalar da aka haramta wa mai ƙugu lafiyayye. Ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, ta dubi ƙawarta, ta dubi ɗakin sama da ƙasa.

"Nan suka ajiye ki? Ai ko kaza aka sa a nan sai ta daina ƙwai."

Ba a jima ba Alhaji ya iso, hula a hannu, don Kwari ba nisa. Ya ga hannun, ya ga kujerar a kife a gindin taga, ya ga Iya Lateef. Ya gaishe ta gaisuwar da ba ta kai ciki ba, sannan ya juya kan matarsa.

"Ki gaya min gaskiya. Kina ba ta madarar nan kuwa?"

Ni'ima ta nuna masa kofin a kan firji, cike da madarar yau.

Ya duƙa zai goya uwarsa, ta ture shi da hannun mai lafiya. Ita za ta hau bayan ɗan fari, a gaban suruka? Ta miƙe, Ni'ima ta tallafe ta, Iya Lateef ta shige gaba tana ba da umarni kamar kwandasta. A nan Ya Gana ta tsorata da gaske. Ƙafafun da suka yi shekaru suna kai ta Sabon Gari su dawo da ita, yau rawa suke yi a kan kowace matakala, cinyoyin sun zube, ba su san aikinsu ba. Da suka fito ƙofar gida rana ta dake ta a fuska, idanunta suka kawo ruwa, ta tsaya tana lalube.

Duk suka shiga motar Alhaji, har da Iya Lateef. A Bata suka tarar da cunkoso. 'Yan adaidaita sun cusa kai ta ko'ina, 'yan dako suna ratsawa da diloli a ka suna "hanya, hanya," wata mai awara tana faɗa da mai baro. Hayaƙi da ƙaurin mai suka cika motar. Alhaji yana ta danna ham yana tsaki. Ya Gana kuwa, da hannu a kumbure a kan cinya yana zugi, addu'a take kada hanyar ta buɗe. Ta manna goshi da gilashi tana kallon kowa, har da waɗanda a da ba za ta ko ɗaga kai ta dube su ba.

"Kujerar nan yau za ta bar ɗakin," in ji Alhaji, yana magana da Ni'ima ta madubi. "Tagar ma toshe ta zan sa a yi. Ita ce ta jawo."

"Sauke ni a nan, Alhaji," in ji Iya Lateef. "Kafin ni ma ka toshe ni."

Ta fita, ta dogara sandarta, ta kutsa cikin jama'a tana ɗingishi, wani ya bangaje ta, ta rama da baki. Ya Gana ta bi ɗaurin nan da ido har ya ɓace. Kishi ne ya kama ta, tsagwaronsa, kishin mace mai ɗingishi da ke da inda za ta.

Asibitin ƙarami ne, a wani layi na Sabon Gari, inda aka kawo ta wancan karon. Likitar ma ita ce, Dakta Chidinma, haifaffiyar unguwar, mai Hausa kamar jakin Kano. Aka ɗauki hoton hannun, ta ɗaga shi a fitila ta daɗe tana kallo.

"Karaya ce, amma ba ta goce sosai ba. Za mu gyara mu sa siminti. Abin da bai yi min daɗi ba, ƙashin bai kamata ya karye a irin wannan 'yar faɗuwar ba."

"Shi ne abin da ya ɗaure min kai, likita," in ji Alhaji, ya matso da kujerarsa. "Madarar ce jabu? Don wallahi mai kyau nake nema. Ko ƙara mata za a yi, a mayar sau biyu?"

Likitar ta juya ta dubi tsohuwar.

"Mama, yaushe rabonki da fita waje?"

Ya Gana ta waiga bayanta, don ta ɗauka da wani ake. An daɗe ba a tambaye ta komai ba sai ya jiki.

"Yau," ta ce.

"Kafin yau fa?"

"Ranar da aka kawo ni wurinki."

Dakta Chidinma ta ajiye hoton a hankali. "Alhaji, wancan zuwan me na ce maka?"

"Ban manta ko kalma ɗaya ba. Kin ce a kiyaye ta da faɗuwa, kuma ta riƙa shan madara da hantsi. To wallahi ko ranar salla ba mu tsallake ba. Hantsi na yi, kofi na hannunta, ga Ni'ima nan ki tambaye ta. Da azumi ma ciyarwa na yi mata, don kada a saɓa lokacin da kika faɗa."

Likitar ta cire tabarau, ta dafe goshi.

"Madara, da hantsi. Abu biyu na faɗa, Alhaji. Ta sha madara, ta kuma sha hantsi. Ta fito da safe ta zauna a rana, ta taka ƙafarta ta je ta dawo."

Ni'ima ta toshe baki da gefen mayafi. Alhaji ya maimaita maganar a hankali shi kaɗai, yana juya ta, ya ji lallai tana da fuska biyu.

Ya Gana kuwa abubuwa ne suka riƙa zuwar mata ɗaya bayan ɗaya. Watan azumin da ta shafe tana kurɓar madara da rana tsaka kamar ƙaramar yarinya, tana jin kunyar Ubangijinta. Rasuwar ƙanwarta a Kurna, da aka ce ta yi ta'aziyya ta waya. Sunan jikar Iya Lateef da ta ji kiɗansa daga nesa. Rumfarta. Duk a kan wata 'yar "da" da ba ta kai a tsaya a kanta ba. Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har kafaɗunta na rawa, daga nan ta rikiɗe ta zama kuka. Nas ɗin da ke jiƙa bandeji ta ce, "Sannu Mama, yanzu za a yi miki allura, zafin zai tafi."

"Har da laifina," in ji likitar. "Da na warware maganar. Madara tana da abin da ƙashi ke so, ban hana ba, amma ba laya ba ce. In babu rana, jiki ba ya ɗaukar abin da ke cikinta yadda ya kamata. Ƙafar da ba ta tafiya kuma ita ke kayar da mai ita. Akwai masu sha kullum su karye, akwai waɗanda ba su damu da ita ba su tsufa garau."

"Tana kumbura min ciki," in ji Ya Gana tana share ido. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

"To a bar ta. Ki sha kindirmo, ki ci ƙananan kifi da zogale, zan kuma rubuta miki magani. Amma fita dole ce."

"Likita," in ji Alhaji, muryarsa ta yi ƙasa, "in ta fita ta faɗi fa?"

"A ɗaki ta faɗi, Alhaji. Babu wani ɗaki a ƙasa?"

"Akwai. Sai dai kaya ne a ciki."

Likitar ta dube shi, ta ja hannun tsohuwar ta fara aikinta.

Sai bayan la'asar suka kamo hanyar gida, hannun a naɗe fari fat, an rataye shi a wuya. Alhaji ya zuba wa titi ido yana tuƙi. Ya Gana tana satar kallon ƙeyarsa, tausayinsa ya kama ta, don ta san ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ta fara tsara abin a ranta. Gobe da safe za ta sauko, ta zauna a ƙofar gida. Jibi ta kai bakin titi. In hannun ya warke, ko kusurwar rumfar Iya Lateef ce a ba ta, ta ajiye kwalabe biyar na humra, ba don ciniki ba.

Sun hau Titin Ibrahim Taiwo ke nan sai ta ga kafaɗunsa sun saki, ya gyara hula, ya ɗauki waya ya kira magini.

"Malam Akeem? Gobe da sassafe ka zo da kayan aikinka. Bangon gabas na ɗakin Inna za a fasa. Taga nake so babba, ƙasa-ƙasa, yadda rana za ta shigo har kan gado. E, da ƙarfe mai kauri." Ya kashe, ya dubi Ni'ima ta madubi, fuskarsa a washe. "Kin ga an huta. Hantsin zai same ta har ɗaki. Tafiyar kuma sai ta riƙa zagaya gado kina riƙe da ita. Ba sai ta taka matakala ba."

Ni'ima ta ce, "To," ta sunkuyar da kai.

Maganar nan ta yi wa Ya Gana ciwo fiye da karayar. Ta san shi sarai. Zai fasa bangon, ya sa labule mai tsada, ya kawo abokansa su ga irin gatan da yake yi wa uwarsa, kowa ya sa masa albarka. Ita kuma a wannan ɗakin za ta ƙare, sai dai yanzu da haske.

Motar ta tsaya a ƙofar gida. Ni'ima ta fito da ita. Daga nan ana hango matakalar ta cikin soro, ta miƙe sama cikin duhu. Ya Gana ta yi taku biyu wajenta, sai ta karkata, ta nufi dakalin da ke jikin bango inda masu gadin sito kan zauna, ta juya ta zauna. Simintin da ɗuminsa. Mutanen da ke dawowa daga masallaci suka fara tsayawa.

"A'a, Hajiya, ke ce? Ashe kina garin nan! Subhanallahi, me ya sami hannun?"

Ta amsa wa kowa, ta tambayi iyalin kowa da suna, ba ta manta ko ɗaya ba. Alhaji ya kulle mota ya zo ya tsaya a kanta yana murmushin dole, yana satar kallon jama'a.

"Inna, mu hau ki huta. Mutane na kallo."

Ba ta dube shi ba. "Ni'ima, gaya masa likita ta ce in sha hantsi."

"Haba Inna, yanzu ai yamma ce. Hantsi sai gobe."

"Gaya masa na sani. A nan zan jira shi."

Ta zame takalmanta, ta miƙe ƙafafu, ta jingina da bango. Alhaji ya dubi matarsa don ta sa baki. Ni'ima ta dube shi, ta dubi tsohuwar, sannan ta rusuna.

"Inna, me zan sauko miki da shi?"

"Darduma da buta," in ji Ya Gana. "Ki haɗo da filo."